Moscato na Yuro 8 da Alkakin Kirsimeti: Ina Aka Samu Kuskure?

Maman Rahila (Torino): Salama gare ku 'yan zaure. 'Yan uwa Musulmi ku yi haƙuri tun da wuri, maganar ta ruwan inabi ce mai giya a ciki, wanda bai so sai ya tsallake. Amma tambayata ta girki ce.

Tsohuwar da nake kula da ita, duk Kirsimeti 'ya'yanta sukan zo. In an gama cin abinci sai a yanka panettone, burodin nan nasu mai zabibi, a buɗe Moscato d'Asti. Bana na ce bari in nuna musu 'yar Wusasa ce a gidan. Kwana biyu ina fama da alkaki, na tsoma shi a sukari da tsamiya ya sha har yana sheƙi. Na je kanti na ɗauko Moscato na yuro 8, daidai aljihuna. Da na kurɓa shi kaɗai, kai! Ƙamshi kamar ka gitta gindin lemo lokacin da yake fure, ga zaƙi, ga 'yar kumfa tana maka cakulkuli a harshe. Ina gatsar alkaki na sake kurɓa, sai ya koma ruwan lemon tsami da aka surka. Matar ɗan gidan tana ta yaba mini da baki, amma da idona na ga ta ture kofin gefe. Araha ce ta yi halinta, ko hannuna ne?

Yakubu Kaf (Palermo): Anti, araha ba ta ado 😂 Da kin ƙara yuro goma.

Sani Kuku (Alba): Ba kuɗin ba ne, Yakubu. Yaya, kwalbarki lafiya lau, alkakinki ma lafiya lau, aurensu ne bai yi ba. Ƙa'idar da masu gidan abinci ke bi a nan guda ce: abin sha ya fi abin ci zaƙi, ko dai su zo kunnen doki. Da zarar abin ci ya fi, harshe ya riga ya ƙoshi da sukari, to abin da zai ji a kofi tsami ne kaɗai. Ki gwada da shayi: ki lashi zuma ki kurɓi shayinki mai sukari cokali biyu, ki ji ko ba salam zai yi miki ba. Alkakin da ya kwana a ruwan sukari kuwa babu Moscaton da zai kamo ƙafarsa. Panettone ai ba shi da wani zaƙi sosai, man shanu ne da ƙwai da iska, shi ya sa suke shiri.

Maman Rahila (Torino): Ikon Allah. Wato ni na kashe shi da kaina.

Sani Kuku (Alba): Da cincin kika kai ma da ya fi, irin mai ƙarancin sukari. Mu a gidan da nake aiki da kek ɗin nocciola ake bayar da shi, 'ya'yan itacen nan da ake Nutella da su, gonakinsu ne suka kewaye mu. Ko paste di meliga, biskit ɗin garin masara. Duk abubuwa ne busassu masu maiƙo, zaƙinsu a tsakiya.

Malam Habibu (Brescia): Assalamu alaikum. Maman Rahila ta nemi afuwa, kuma addininta daban, ba da ita nake ba. Da kai nake, Sani. Musulmi ɗan Musulmi kana koyar da yadda ake haɗa giya da abinci a bainar jama'a? Aya ta 90 a Suratul Ma'ida cewa ta yi a nisance ta, ba a ce kar a sha kawai ba. Kuma ka san hadisin da ya ambaci mutum goma, har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Anti Binta, wannan zauren na girki ne ko mashaya?

Anti Binta (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam, Malam. Zauren girki ne, kuma tun ran da aka buɗe shi akwai masu zuwa masallaci akwai masu zuwa coci. Mai tambaya ta yi sallama da ladabi. Ka yi nasiharka, an ji, amma ban yarda a kira zaurena mashaya ba.

Sani Kuku (Alba): Allah ya gafarta Malam, nasiha ta karɓu. Ɗigo ɗaya bai taɓa shiga bakina ba, kuma ba na ɗaukar kwalba zuwa tebur. Tun ranar da na fara na faɗa wa mai gidan. Ni taliya nake murzawa da kayan zaƙi. Akwai wani kirim da suke kira zabaione, gwaiduwar ƙwai da sukari da giya, in an yi oda abokin aikina ke kaɗawa, ni in koma kan kwaɓina. Ba zan ce maka zuciyata a kwance take ba, ina neman mafita kamar kowa. Amma shekara 9 ina garin da rabin mutanensa inabi ke ciyar da su, ko kurma ne ni da na ji wani abu. Kuma faranti ba ya ƙarya, Malam. In ya dawo kicin da rabin kek, ni ake tambaya.

Malam Habibu (Brescia): Allah ya ba ka mafita, ya canza maka da mafi alheri. Amma ka daina kiransa ilimi.

Ummi (Padova): Don Allah ku yi haƙuri da tambayar yarinya. A makaranta abokaina kullum cewa suke Moscato ai lemo ne, ko yara ana ɗan sammusu. Har na fara shakka. Akwai giya a ciki ko babu?

Sani Kuku (Alba): Akwai, ƙanwata, kar wanda ya ruɗe ki. Wajen kashi 5 zuwa 5.5 cikin ɗari, ki duba jikin kwalbar a rubuce yake. Daidai yake da giyar kwalba da aka saba. Sauran ruwan inabi na tebur sukan kai 12 zuwa 14, shi ya sa su suke ganin wannan ba komai ba ne.

Malam Habibu (Brescia): To kin ji daga bakin mai kicin. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ki riƙe wannan, 'yata, ya ishe ki amsa.

Ummi (Padova): Na gode Baba. Amma Yaya Sani, in giya ce, me ya sa take da zaƙi haka?

Yakubu Kaf (Palermo): Bari in amsa wannan da harshen ƙauyenmu. Bammin da aka sauke da asuba zaƙi gare shi kamar rake, tsohuwa ma sai ta sha. Bar shi zuwa la'asar, ya yi tsami ya yi ƙarfi, ya kayar da ƙato. Sukarin ne ke juyewa. Mutanen Asti wayo suka yi, suka kama bamminsu da hantsi suka hana shi kai la'asar.

Sani Kuku (Alba): Yakubu ya gama magana. Inabin sunansa Moscato Bianco, ana tsinkarsa ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba a tuddan Asti da Cuneo da Alessandria, cibiyarsa garin Canelli. In an matse sai a ajiye ruwan a tanki mai sanyi kusa da ƙanƙara don kar ya motsa. Ran da ake so, a ɗan ɗumama shi, yis ya fara cin sukari. Yana kai kashi 5 sai a sake buga masa sanyi, a tace yis ɗin a fitar. Sukarin da ya rage shi ne zaƙin, iskar da ta maƙale a tanki ita ce kumfar. Babu zaman ganga na shekaru, babu jira, kafin Kirsimeti ya shiga kanti. Abin da ya sa yake araha ke nan, ba don rashin kyau ba. Kuma Yaya, ba a ajiye shi. Ki duba shekarar da ke jiki, na bana ko na bara. In ya tsufa ƙamshin ya gudu.

Maman Rahila (Torino): Na bana ne, na duba. Sai dai ban sa shi a firji sosai ba, a baranda na ajiye.

Sani Kuku (Alba): Barandar Torino a Disamba ai firji ce 😄 Digiri 6 zuwa 8 suke so. Ta nan ba ki yi laifi ba.

Talatu Nas (Manchester): Ni dai nawa ba na addini ba ne, na aiki ne. Kuna ta zaƙi zaƙi. Wannan abin sukarinsa ya haura giram 100 a lita, Coca-Cola kuma wajen 106 ne. Wato lemon kwalba ne da giya a kai. Maman Rahila, tsohuwarki ba ta da ciwon suga? Ba ta shan maganin barci ko na hawan jini?

Maman Rahila (Torino): Sista, shekararta 88, rabin ƙaramin kofi take sha sau ɗaya a shekara, ɗanta ke zuba mata da hannunsa. In na hana ta ranar zan nemi wani aikin.

Talatu Nas (Manchester): To shi ke nan. Ke ce dai kar ki ƙarasa kwalbar don tausayin yuro 8.

Ɗan Damagaram (Bordeaux): Sannunku. Tun ɗazu nake karatu ina dariya, kuna kiran abin yuro 8 giyar zaƙi. Shekarata ta farko a Faransa, kafin in samu aikin gini, kaka guda na yi ina tsinkar inabi a Sauternes, yankin giyar zaƙi mai tsada da ke kusa da Bordeaux. Malam Habibu kar ka tashi, na tuba na bari, yunwa ce ta kai ni.

Ranar farko mai gona ya miƙo mini almakashi ya nuna mini wani gungu da ya yamutse, ya yi furfura toka-toka kamar burodin da aka manta a leda. Ya ce wannan nake so. Masu kyau, lafiyayyu, ya ce bar su. Na ce a raina mutumin nan ko ya samu taɓi. Ashe ruɓar ita ce dukiyar. Akwai wani ƙaramin kogi, Ciron, ruwansa sanyi, yana faɗawa Garonne mai ɗumi, sai hazo ya rufe gonaki da safe. Hazon ke kawo fumfunar, sunanta botrytis. Da rana ta fito sai ta busar. Fumfunar na huda fatar inabin, ruwa ya fice, sukari ya tattaru. In ruwan sama ya yi yawa kuwa, ruɓa ce ta banza, an yi asara. Layi ɗaya sai mu bi shi sau huɗu sau biyar, mako-mako, wani lokaci ɗiya-ɗiya muke cira, har Nuwamba, yatsu sun ƙage don sanyi, sun yi danƙo. Babban gidan yankin, Château d'Yquem, ana cewa kowace bishiya kofi ɗaya take ba su. A 2012 ma ba su fitar da ko kwalba ɗaya ba, suka ce bai kai ba. To ta yaya zai yi araha?

Yakubu Kaf (Palermo): Wato Bature ya sayar da ruɓaɓɓe da tsada, mu in daddawa ta yi wari su toshe hanci.

Ɗan Damagaram (Bordeaux): Kai dai bari. Kuma da me suke ci? Roquefort, cukun tumaki mai koren fumfuna a ciki, gishiri kamar kanwa. Ruɓa kan ruɓa. Talakansu da ba ya iya Sauternes sai ya sayi Monbazillac na wajen Bergerac, ko Loupiac da Cadillac da ke tsallaken kogin. Aiki iri ɗaya, suna ne bai kai ba.

Maman Rahila (Torino): Tsaya, Malam na Damagaram. Cuku mai gishiri da abu mai zaƙi? Sani ya ce zaƙi da zaƙi.

Sani Kuku (Alba): Ban ce dole sai da zaƙi ba, Yaya, cewa na yi kar abin ci ya fi shi. Gishiri ai ƙara masa armashi yake. Ba ki cin dabino da soyayyar gyaɗa mai gishiri? Ko rake bayan tsire? Hanya ɗaya ce. Ni da za ki ji tawa, ki manta da kayan zaƙi gaba ɗaya. Ki kai musu abu mai yaji. Barkono na son sanyi da sukari, kuma giya mai ƙarfi ƙara masa wuta take yi, mai rauni irin wannan kuwa ba ta tsokane shi. Masu gidajen abincin Indiya da Tailan sun daɗe da gane haka.

Yakubu Kaf (Palermo): Na shaida! Kilishi da Moscato, na gwada, ba a magana. Anti in turo miki lambar wani mai zuwa daga Kano?

Anti Binta (mai kula da zaure): Yakubu, ban da wannan a nan. An hana shigo da nama Tarayyar Turai a jakar matafiyi, ko busasshe ne. Kar ka sa a ƙwace wa bawan Allah kaya a filin jirgi, a ci shi tara. Mai son kilishi ya sayi cinyar sa, ya sa mahauci ya yanka masa siriri, ya shanya a oven da wuta ƙasa-ƙasa. Na sa yadda ake yi a zauren nan tun azumin bara, ku nema.

Yakubu Kaf (Palermo): Na janye, ranki ya daɗe. Bari in wanke laifina da labari. Malam Habibu, wannan naka ne. A nan kudu akwai tsibiri, Pantelleria, ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Su ba fumfuna suke jira ba, shanya inabin suke a rana kamar yadda muke shanya tumatir a bakin titi, sai ya yamutse su yi giyar zaƙin da suke kira passito. Ka san sunan inabin? Zibibbo.

Malam Habibu (Brescia): Zabib. Larabci ne wannan.

Yakubu Kaf (Palermo): Zabibinmu dai na cikin kek da shinkafar biki. Larabawa sun mulki Sisili shekaru wajen 200, suka tafi suka bar kalmar.

Malam Habibu (Brescia): To ka ga, su zabibi suka sani, na baya ne suka mai da shi abin da suka mai da shi. Tunda ka tono, bari in ba Ummi da sauran yara abin da ya halatta. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ba ya ƙara sha. Nabiz ke nan. Ni da azumi nakan jiƙa cikin tafi ɗaya a kofi bayan sahur, in sa a firji, da magariba in murje in tace. Zaƙi mai sanyi, babu sukarin kanti ko ƙwaya.

Yakubu Kaf (Palermo): Malam, ai bammin asuba ke nan da rawani.

Malam Habibu (Brescia): Allah ya shirye ka, Yakubu. Nawa ba ya kai hantsi ma.

Ummi (Padova): 😂😂 Baba, to wanda ake rubuta babu giya a jiki fa? Na gani a kanti, kwalba iri ɗaya.

Sani Kuku (Alba): Ki karanta da kyau, iri biyu ne. Akwai wanda giya ce aka yi ta sannan aka zare mata ƙarfin, a dokar Turai ana barin har rabin kashi ɗaya cikin ɗari a ciki. Hukuncinsa na bar wa malamai. Akwai kuma succo d'uva, ruwan inabi zalla da bai taɓa tsimuwa ba, wani har da kumfa. Shi nake saya wa iyalina da sallah. In kin samu na inabin moscato, ƙamshin furen nan da Yaya ke faɗi yana nan, don daga inabin yake ba daga giyar ba. Ni a gona na san shi. Watan Satumba in motar inabi ta wuce ka a hanya, har rigarka sai ta ɗauka.

Malam Habibu (Brescia): Na farkon ki bar shi, abin da asalinsa giya ne ba na so a gidana. Na biyun sha ki ƙoshi. Sai dai ni kwalbar ma da ke kama da tasu ba ta kwanta mini ba, ku juye a jug.

Maman Rahila (Torino): Malam, kar ka ɗauka mu ma a sake muke. Mahaifina dattijon ikilisiya ne, da ya ga kwalbar nan a hannuna da sai na yi bayani. A gida in ka kawo bikin Kana, inda Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, su kawo maka Afisawa 5:18 da ta hana buguwa, a kwana ana yi. Ni dai sau ɗaya ce a shekara, a teburin mutane.

Talatu Nas (Manchester): Kowa da tsohonsa dai.

Ɗan Damagaram (Bordeaux): Ni tambayata ɗaya: alkakin ya ƙare?

Maman Rahila (Torino): Saura guda 11 a roba. Bayan bayanin Sani na kai wa tsohuwa ɗaya da kofi baƙi, irin nasu mai ɗaci a ɗan finjali, babu sukari. Ta cinye ta miƙo hannu. Ta ce wai yana tuna mata wani abu da wata maƙwabciyarta 'yar kudu ke soyawa da zuma.

Sani Kuku (Alba): Yauwa, mijin alkaki ke nan. Ɗaci ko tsami yake so, shayi ba sukari, ko zoɓo mai kauri da ba a zaƙaƙa ba.

Maman Rahila (Torino): To ga yadda aka ƙare da sauran rabin kwalbar, tunda ranar Santo Stefano, washegarin Kirsimeti, ɗan gidan ya dawo da matarsa. Ban samu yin kilishi ba, tsire na yi a oven, na barbaɗa yajin ƙuli da na daka da kaina, na rage barkono rabi saboda su. Kumfar ta ɗan kwanta don kwana ɗaya da ya yi a buɗe, amma zaƙin na nan. Matar da ta ture kofi ranar Kirsimeti ita ta fara tsiyayewa. Tana ci tana fifita baki da hannu tana kurɓa. Mijin ya tambaye ni sunan garin da ke kan naman, na ce yaji, ya rubuta a wayarsa da harafin i a farko.

Anti Binta (mai kula da zaure): Maman Rahila, ki sa mana awon yajin nan a rubuce. Malam Habibu, kai ma na zabibin, ruwa nawa, awa nawa.

Malam Habibu (Brescia): Tafi ɗaya a kofi babba, daga asuba zuwa magariba, a firji. Baƙin zabibi ya fi, kuma a wanke shi tukuna, na kanti suna shafa masa mai.

Sani Kuku (Alba): Malam, ka matsa lemon tsami kaɗan a kai, ka ci da gyaɗa mai gishiri.

Malam Habibu (Brescia): Zan gwada. Ɗigo nawa?